Muhawara: Shin “ƙwazo” ne ma'anar productivity?

Malam Tafinta:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu daraja. Ina neman shawarar masana a kan kalmar Turancin nan productivity, wadda kusan duk lokacin da aka shiga takaddamar albashi tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago sai ta faɗo cikin labaran da muke fassarawa. Abokan aikina ba su tsaya a kan fassara guda ba. Wani ya ce ƙwazon aiki, wani ya ce nagartar aiki, wani ya ce ingantuwar aiki, wani kuma ya kauce wa rigimar ya ce yawan abin da ake samarwa. Masu tunawa za su tuna cewa a zamanin da Emeka Wogu yake minista, daga 2010 zuwa 2014, kalmar tana cikin sunan ma'aikatar ƙwadago ta tarayya kanta, sai a 2015 aka musanya ta da samar da aikin yi, amma har yau akwai cibiya ta ƙasa mai ɗauke da sunan, akwai kuma lambar girmamawa da ake bayarwa a kansa. Ni dai a kunnena “ƙwazo” ya fi daɗi, domin mai sauraro ba ya buƙatar bayani, sai dai ina so in tabbatar cewa daɗin ji bai sa muna isar da wata ma'ana dabam ba.

Malamar Tsimi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zaɓi kalma ya kamata a fahimci cewa abin da masana tattalin arziki suke nufi awo ne na kwatanci tsakanin abubuwa biyu, wato abin da aka samu da abin da aka zuba kafin a same shi. Ana raba na farko da na biyu. Idan aka raba kayan da aka samar da sa'o'in da aka yi ana aiki, an auna na ma'aikaci. Idan aka raba amfanin gona da faɗin gonar, an auna na ƙasa. Haka kuma ana iya auna na jari ko na inji.

A ɗauka manomi ya noma hekta 10 ya samu buhu 100 na masara, maƙwabcinsa kuma ya noma hekta 2 ya samu buhu 50. Na farko ya fi yawan kaya, amma kowace hektarsa buhu 10 ta ba shi, alhali ta maƙwabcin ta ba da 25. Saboda haka “yawan abin da ake samarwa” ba daidai ba ne, domin wannan fassarar production ce, wata kalma 'yar'uwarta, wadda take nufin jimillar kaya kawai. “Ƙwazo” kuwa ya fi haɗari, saboda ƙwazo hali ne na mutum, yana cikin ɓangaren abin da aka zuba, ba sakamakon ba. Alƙaluman OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe a kan tattalin arziki, sun nuna cewa matsakaicin ma'aikaci a Jamus ba ya kai sa'o'i 1,400 a shekara, na Meziko kuma yana wuce 2,000, amma abin da sa'a guda ta Bajamushe take samarwa ya ninka na ɗan Meziko nesa ba kusa ba. Babu mai hankalin da zai ce mutumin da ya fi daɗewa a bakin aiki shi ne raggo.

Alhajin Kwari:
Malama, na gode da bayani, amma ki yi mini uzuri, ban gamsu da cire ƙwazo daga cikin maganar ba. Mu da muke ɗaukar mutane aiki mun san bambancin da ke tsakanin aikin yini da aikin jinga. Ka ɗauki lebura a kan kuɗin yini ya yi maka bulo, za ka ga rana ta faɗi bai kai ko'ina ba. Ka yi jinga da shi a kan kowane buhun siminti, mutum ɗaya, kayan aiki ɗaya, rana ɗaya, sai ka ga ya gama kafin la'asar. Me ya canza in ba himmarsa ba? Idan gwamnati ta ce wa ma'aikatanta su ƙara wannan abu, ai abin da take nufi shi ne su daina zuwa ofis ƙarfe goma suna tashi bayan azahar, kuma Bahaushe zai fi gane hakan idan aka ce masa ƙwazo.

Baban Kakuri:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma bari tsohon ma'aikacin masaƙa ya ce wani abu. Kaduna ta fara babbar masaƙarta a 1957, kuma a lokacin da harkar take kan ganiyarta dubban mutane ne suke shiga Kakuri aiki dare da rana. A masaƙar da na yi aiki ana rubuta yadin da kowane sashe ya fitar a kowane zubin aiki, don haka wannan awon da Malama take bayani mun rayu da shi, ko da ba mu san sunansa ba. Shekarun da alƙalumanmu suka yi ta faɗuwa, mutanen nan dai su ne, ba a canza mana zuciya ba. Wuta ce take ɗaukewa, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, injinan sun tsufa babu kayan gyara, auduga mai kyau ta ragu. Mutum zai zo a kan lokaci, ya tsaya gaban injinsa sa'a takwas, injin ya yi aikin sa'a uku. A takarda an rubuta masa sa'a takwas da yadi kaɗan. To idan gidan rediyo ya ce ƙwazonmu ya ragu, an zalunce mu, kuma an wanke waɗanda alhakin wuta da mai yake wuyansu.

Misalinka na jinga gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ka lura cewa ko a nan ba huɗuba ka yi wa leburan ba, tsarin biya ka canza, kuma tsarin biya a hannun maigida yake. Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa.

Malamar Tsimi:
Baba ya taɓo inda gizo yake saƙa. Alhaji, ban ce himma ba ta da tasiri ba, tana cikin abubuwan da suke ɗaga awon, amma tarihi ya nuna ba ita ce babba ba. Masanin tattalin arziki Adam Smith a 1776 ya ba da labarin wani ƙaramin wurin ƙera fil inda mutum goma suke fitar da kimanin 48,000 a rana saboda sun rarraba aikin mataki-mataki, alhali in kowa zai yi shi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe da ƙyar ya yi ashirin. A 1913 kamfanin Ford ya fara amfani da layin da yake kawo wa ma'aikaci aikin inda yake tsaye, sai haɗa gindin mota ya sauko daga sama da sa'o'i 12 zuwa kimanin sa'a ɗaya da rabi. Sannan a 1957 wani masanin, Robert Solow, ya bi alƙaluman Amurka na 1909 zuwa 1949, ya gano cewa kusan kashi bakwai cikin takwas na ƙaruwar abin da sa'ar aiki take samarwa ba daga ƙarin jari kawai ya zo ba, daga ci gaban fasaha da ilimi da tsarin aiki ne. Lebura mai himma zai iya ninka bulonsa sau biyu, wataƙila uku, daga nan jiki ya ƙi. Ninki ɗari ko dubu sai da kayan aiki da dabara.

Malamin Gona na Kadawa:
Ina gaida malamai. Ni a ganina muna da kalmar a gida, kuma mata ne suka fi mu riƙe ta, ita ce “auki”. Idan uwargida ta ce wannan shinkafa tana da auki, ba tana nufin buhun yana da girma ba, tana nufin mudu ɗaya in an dafa yana cika tukunya ya ciyar da mutane fiye da mudun wata. Wato kwatanci take yi tsakanin abin da ta zuba da abin da ta kwashe, daidai da lissafin da Malama ta kawo. Me zai hana a ce aukin aiki, aukin gona, aukin jari?

A fagenmu na noma bambancin a fili yake. Matsakaicin abin da hekta guda ta masara take bayarwa a Nijeriya kusan tan 2 ne, a Amurka kuwa ya haura tan 10, kuma duk wanda ya ga manominmu da fartanya a tsakiyar rana ba zai ce ƙwazo ya rasa ba. Abin da ya rasa shi ne ingantaccen iri, taki a kan kari, ruwa da kuma shawara. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta daɗe tana fitar da irin masara da wake da gyaɗa da dawa, waɗanda manoma suka sani da sunaye irin su SAMMAZ da SAMNUT, kuma tun da shirin bunƙasa noma na Sasakawa ya shigo a 1992 aka riƙa nuna wa manoma a gonakin gwaji cewa tazarar shuka da binne taki kaɗai suna canza yawan buhun da za a ɗauka. Mu nan yankin Kura da Garun Malam, ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 shi ya sa gona ɗaya take ba da shinkafa da damina, ta ba da tumatir ko alkama da rani. Faɗin gonar bai ƙaru ba, aukinta ne ya ƙaru.

Ɗan Maraɗi:
Malam, shawararka ta burge ni, amma ina so in ƙara wani rarrabewa da muke yi a nan Nijar. A Faransanci, malaman gona sukan ce rendement idan suna maganar abin da hekta ta bayar, su ajiye productivité ga lissafin da ya fi faɗi, musamman na aikin ɗan Adam. Rarrabewar tana da amfani, domin ana iya ɗaga na gona a kassara na mutum. Ramukan tasa da ake haƙawa a yankin Tawa don tara ruwa da taki suna farfaɗo da fako har ya ba da gero, amma suna cin kwanakin aiki masu yawa, don haka dole a tambaya: auki a kan me, a kan ƙasa ko a kan gumi? Sassaben zamani da ya bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980, inda manomi yake barin kututturen itace su toho yana gyara su, ya yi farin jini ne saboda bai cika cin aiki ko kuɗi ba. Gawo musamman, da yake yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, kuma kowa ya san yabanyar gindinsa ta fi kyau. An ƙiyasta filayen da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai hekta miliyan 5. A wurin dattawanmu dai sunan wannan abu “albarka”, sukan ce gonar ta yi albarka.

Malam Tafinta:
Na ji daɗin waɗannan kalmomi biyu, amma kowacce akwai abin da nake tsoro a kanta. Albarka ta fi kowace kalma kusa da zuciyar mai sauraro, kuma muna cewa lokaci ya yi albarka ko kuɗi sun yi albarka da ma'anar an samu da yawa daga kaɗan. Sai dai albarka daga Allah take, ba abin da hukumar ƙididdiga za ta ce ya ragu da kashi kaza cikin ɗari ba ne, kuma idan na karanta cewa albarkar ma'aikatan wata jiha ta ragu, zan iya tayar da fitinar da ban shirya mata ba. Auki kuwa ma'anarsa ta dace, amma kunne ya saba jinsa a kan abinci da sabulu da makamantansu, don haka ina jin tsoron “aukin ma'aikata” ya ba mutane dariya a ranar farko.

Ɗalibin Nahawu:
Malam, ina ganin dariyar ranar farko ba hujja ba ce, domin kalmomi da yawa da muke amfani da su yanzu ba tare da tunani ba an faɗaɗa ma'anarsu ne daga wani wuri, kamar yadda zaure da dandali da shafi suka koma intanet. Gyaran da zan ba da shawara shi ne a jingina aukin ga aiki, ba ga mutum ba, a ce aukin aiki a ma'aikatun gwamnati, kada a ce aukin ma'aikata.

Amma ina so in ja hankali cewa kalmar Turancin ba ta masana tattalin arziki kaɗai ba ce, kuma ba lallai kalma ɗaya ta ɗauke dukkan nauyinta ba. A ilimin harshe ana amfani da ita ga ƙa'idar da take raye, wadda masu magana suke iya ɗora ta a kan sabuwar kalma. Jam'in da yake ƙarewa irin na mota da motoci ko taga da tagogi yana da wannan siffa, shi ya sa da kwamfuta ta shigo ba wanda ya koya mana cewa kwamfutoci, bakinmu ne ya kai mu. Jam'i irin na doki da dawaki ko akuya da awaki kuwa ya tsaya a kan tsofaffin kalmominsa, ba ya karɓar baƙi. A nan “auki” ba zai yi ba, ni da “ƙa'ida mai haihuwa” ko “mai yaɗo” zan ce. Haka kuma matasa a Facebook da WhatsApp idan suka ce suna so su zama productive a lokacin hutu ko a watan azumi, ba lissafin raba wani abu da wani suke yi ba, suna nufin kada lokacinsu ya tafi a banza, kuma Hausar wannan ita ce cin moriyar lokaci.

Alhajin Kwari:
To na ji, na kuma yarda cewa inji ya fi ƙarfin damtse. Amma har yanzu akwai tambayar da ba a amsa mini ba. Idan ƙungiyar ƙwadago ta nemi ƙari, gwamnati ta ce sai aukin aiki ya ƙaru, tunda haka za mu riƙa cewa yanzu, wa ke da gaskiya? A 2019 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000, a 2024 aka kai shi 70,000. Ni a shagona ban ga an samu ƙarin kaya a ƙasa ba, farashi kawai na ga ya tashi.

Malamar Tsimi:
Alhaji, tambayar tana da fuska biyu. A dogon zango gaskiya ne cewa al'umma ba za ta ci fiye da abin da ta samar ba, kuma albashin da ya tashi ba tare da kaya sun ƙaru ba farashi ne yake cinye shi. Dattawa irin su Baba sun ga haka bayan rahoton hukumar Jerome Udoji na 1974, wanda ya haɗa ƙarin albashi da shawarwarin sauya yadda ake gudanar da aikin gwamnati domin a riƙa duba sakamako. Kuɗin aka biya har da ariya, kasuwa ta ɗauka, gyaran tsarin kuwa bai samu irin wannan hanzarin ba. Amma ƙarin 2024 labarinsa dabam ne, domin ya biyo bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Wannan ba lada ba ne na ƙarin aiki, ƙoƙari ne na mayar wa albashi wani ɓangare na ƙarfin da ya rasa, don haka sharaɗin auki bai hau kansa ba.

Akwai kuma tarkon da ya kamata masu fassara su kiyaye. Idan aka ba da awon da naira, to sai an tambaya ko an cire tasirin hauhawar farashi, in ba haka ba tela da ya ɗinka riga biyar bara ya ɗinka biyar bana zai bayyana kamar aukinsa ya ninka, alhali kuɗin ɗinki ne ya tashi. Haka nan ɓangaren man fetur yana kawo kuɗi masu yawa da ma'aikata ƙalilan, saboda haka yana iya kumbura matsakaicin ƙasa baki ɗaya ba tare da komai ya canza a gona ko a kasuwa ba.

Shugabar Makaranta:
Ina bin wannan muhawara tun farko, kuma abin da yake damuna shi ne yawancin misalan da aka kawo na abin da ake ƙirgawa ne, buhu da yadi da bulo. Mu malaman makaranta da ma'aikatan jinya fa, da me za a auna mu? Idan aka raba yawan ɗalibai da yawan malamai, to malamin da aka cusa wa yara 120 a aji ɗaya shi ne gwarzo, wanda yake da 35 yana duba littafin kowa kuma shi ne koma baya, alhali duk uwa ta san ajin da za ta so ɗanta ya zauna. Ina ganin a nan ne masu cewa “nagartar aiki” suke da hujja, domin a aikinmu yawa ba tare da kyau ba aikin baban giwa ne.

Malamar Tsimi:
Hajiya, ƙorafinki masana ma sun daɗe da shi. Shekaru da yawa, a lissafin tattalin arzikin ƙasashe, ana ƙimanta abin da makarantu da asibitocin gwamnati suka samar ne da kuɗin da aka kashe musu, tunda ba sayar da shi ake yi ba balle a san farashinsa. Idan kuwa abin da aka samu an ɗauke shi daidai da abin da aka zuba, to rabawar ba za ta taɓa nuna ci gaba ko ci baya ba. Birtaniya ta sake duba wannan a rahoton Atkinson na 2005, inda aka nemi a riƙa ƙirga ainihin hidimar, kamar marasa lafiyar da aka yi wa magani da ɗaliban da aka koyar, tare da la'akari da ingancinta. Tun kafin nan, a 1966, masanan tattalin arziki William Baumol da William Bowen sun nuna cewa akwai ayyukan da sa'ar mutum ita ce kayan da ake saya, ta yadda kiɗan da aka tsara wa mutum huɗu ba zai yiwu da mutum biyu ba ko bayan shekara ɗari, kuma koyarwa da jinya suna kusa da wannan rukuni. Don haka nagarta tana shiga lissafin, amma a matsayin gyara ga abin da ake ƙirgawa: ba yaran da suka zauna a aji za a ƙirga ba, yaran da suka fita suna iya karatu da lissafi za a ƙirga, sannan a raba da malamai da kuɗi da shekarun da aka kashe.

Shugabar Makaranta:
Idan haka ne na amince da awon, da sharaɗin a gwada yaran a farkon shekara kafin a gwada su a ƙarshenta. Malamar da ta karɓi yaran da ba su san baƙaƙe ba ta kai su ga haɗa kalma ta fi wadda ta karɓi masu karatu ta miƙa su suna karatu, amma jarrabawar ƙarshen zango kaɗai ba za ta nuna haka ba, kuma a yawancin makarantunmu na firamare ita kaɗai ake rubutawa a ajiye.